Waiwaye adon tafiya: gurbin tarihi a darussan jami'ar Maraɗi

A shekara ta 2008 aka buɗe cibiyar koyar da fasaha ta jami'a a Maraɗi, a 2010 kuma gwamnati ta kafa cikakkun jami'o'i uku a Maraɗi da Tawa da Damagaram. Kafin nan, ɗan jihar Maraɗi da ya gama lise sai ya ɗauki jaka ya nufi Yamai, ko ya ƙetare iyaka. Jami'ar Maraɗi, wadda aka raɗa wa sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, an ɗora ta ne a kan kimiyya: ilimin noma da muhalli, kimiyya da fasaha, da ilimin kiwon lafiya. Zaɓi ne da ya dace da jihar da arzikinta ya dogara ga gona da kasuwa. Sai dai tambayar da ke gaban malamai ita ce: wanda zai zama likita ko injiniya ko malamin gona, shin yana da buƙatar tarihi, ko kuwa wannan aikin masu adabi ne? Amsar ba ta nesa, tana shimfiɗe tsakanin unguwar Zariya da Tibiri da Jiratawa.

A fara da birnin kansa. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta suka yi gudun hijira, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsu a Maraɗi wajajen 1819. Sun zauna a cikin kwari, a bakin Gulbi, domin kurmin da ke wurin a lokacin garkuwa ne daga dawakin abokan gaba, fadamar kuma ba ta rasa abinci. Zaɓi ne na masu yaƙi, ya kuma yi musu rana fiye da shekara 100. Amma a damanar 1945 Gulbi ya cika ya batse, ya rushe tsohon gari. Turawan Faransa suka mai da mutane kan tudu, suka yanka filaye da miƙaƙƙun tituna. A kan wannan tudu ne birnin ya ci gaba da yaɗuwa har aka sami sababbin unguwanni irin su Zariya. Ɗalibin gine-gine da bai san labarin 1945 ba yana iya sanin nauyin siminti da ƙarfe, amma bai san dalilin da ya sa birnin ya juya wa kwari baya ba, bai kuma san cewa duk ruwan da ya sauka a kan tudu hanyarsa ɗaya ce, wato gangarawa bisa tsofaffin unguwanni. Ruwa ba ya manta hanyarsa, ko da mutane sun manta.

Tibiri, wadda Mayaƙi ya kafa wa Gobirawa a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, tana da darasi mai ɗaci ga masu koyon aikin likita da masu haƙar ruwa. Daga tsakiyar shekarun 1980 garin ya riƙa shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa ne garau, ba wari, ba ƙwayar cuta, jama'a suka yi murna da shi. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuluwor da ya ninka miligiram 1,5 a kowace lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Shekara da shekaru haƙoran yara suna rinewa, ƙasusuwansu suna lanƙwashewa, har ɗaruruwa suka nakasa. A 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka fitar da rahoto a kan al'amarin. A littafin kimiyya fuluwor layi biyu ne ko uku. A Tibiri kuwa tambayoyi ne da ya kamata a jera wa ɗalibi: wa ke da alhakin auna ruwa, sau nawa, wa ya fara ganin alamun, me ya sa aka daɗe ba a haɗa ciwon da rijiyar ba? Wanda aka koya wa wannan labari da shekarunsa da matakansa ba zai sa hannu a takardar buɗe rijiya ba sai ya ga sakamakon awo.

Malamin gona shi ne ya fi kowa bashin waiwaye. Gyaɗa ce ta gina Maraɗi ta zamani, ita ta fito da alhazan da Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986. An kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikinta, aka sa rai ba za ta ƙare ba, sai ga farin 1973 da cutar da ta faɗa mata a 1975 sun durƙusar da ita. Daga cikin amsoshin da hukuma ta bayar akwai gandun noman rani na Jiratawa, mai faɗin kusan hekta 500, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980 bisa ruwan ƙarƙashin fadamar Gulbi. Bayan wasu shekaru Nijeriya ta gina madatsar ruwa a Jibiya, a saman wannan Gulbi, yawan ruwan da ke malalowa fadama ya sauya. Injiniyan da zai lissafa ruwan Jiratawa ba tare da wannan tarihi ba, lissafin dokin rano zai yi.

Haka kuma labarin itatuwa. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935, da ta Nijar ta 1974, sun sa manomi yana ganin icen da ke gonarsa mallakar hukuma ne, saransa kuwa tara ce. Don haka ya gwammace ya kashe toho tun yana ƙarami. A lokaci guda malaman gona suna koya masa cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes. Da hamada ta matso, aka kashe kuɗi mai yawa ana dasa baƙin itatuwa, mafi yawansu suna mutuwa. A 1984, shekarar yunwar da jama'a suka sa wa suna El-Buhari, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. A wannan tsakanin ne Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya haɗa kai da manoman jihar suka soma barin kututture ya toho, ana rage rassa ana renon sauran, abin da aka kira sassaben zamani. Da manoma suka tabbata icen nasu ne, musamman da sabuwar dokar 2004, an ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Gawo dai bai sauya ba, ƙasa ba ta sauya ba. Doka ce ta sauya, da zuciyar manomi. Wannan kuwa ba a ganinsa a ɗakin gwaji, sai a tarihi.

Masu cewa lokacin karatu ya yi kaɗan suna da gaskiyarsu, domin manhajar likita da ta injiniya a cike suke. Amma ba ana nufin a ɗora wa ɗalibi jerin sunayen sarakuna ya haddace ba. Abin nema shi ne kowane malami ya shigo da tarihin fanninsa cikin darasinsa: mai koyar da sinadaran ruwa ya ba Tibiri awa biyu, mai koyar da abincin yara ya kwatanta Kakalaba ta 1914 da El-Buhari da matsalar 2005, lokacin da asibitocin tamowa suka cika a jihar da ake kira rumbun ƙasa, alhali hatsi na kasuwa. Kayan aikin ma akwai su. Akwai littafin Bureima Alfa Gado na 1993 kan tarihin yunwa a Sahel, akwai binciken Claude Raynaut kan ƙauyukan Maraɗi, akwai rahotannin tashar binciken noma ta Tarna da suka taru tun zamanin mulkin mallaka.

Manyan masana kimiyyar ƙasar nan ma ba su raba fannonin biyu ba. Abdu Mumuni, masanin hasken rana wanda jami'ar Yamai ke amsa sunansa, shi ne ya wallafa littafin da ya bi diddigin ilimi a Afirka a 1964, tun daga tarbiyyar gargajiya har zuwa lakwal ɗin Nasara. Ɗan Dikko Ɗankulodo kuwa malamin kimiyyar sinadarai ne, amma daga 1974 shi ya shugabanci hukumar haɗin kan al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a Yamai a 1970.

Saura rabon malaman sakandare da ƙungiyoyin raya al'adu, wanda ba ƙarami ba ne. Rabin wannan tarihi ba ya cikin takarda, yana bakin mutane, kuma da Hausa yake. Waɗanda suka ga ambaliyar 1945 da idonsu sun kusa ƙarewa. Manoman da suka karɓi filayen farko a Jiratawa sun tsufa, iyayen yaran Tibiri ma haka. Ɗan lise na unguwar Zariya da aka tura ya zauna gaban kakarsa da alƙalami, ya rubuta sunayen yunwa da irin geron da aka daina shukawa da inda ruwa ya taɓa kaiwa, ya riga ya fara aikin jami'a tun bai shige ta ba. Ƙungiyoyi su tattara waɗannan rubuce-rubuce, su adana su da Hausa da Faransanci, su miƙa wa ɗakin karatun jami'a. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya ajiye ta a tulu kafin ta zube.