Tarihin Amfilifaya Mai Ƙarancin Hayaniya a Zangon Milimita

Amfilifaya mai ƙarancin hayaniya ita ce na'urar farko da sigina ke shiga da zarar eriya ta kama shi. Aikinta ta ƙara masa ƙarfi ba tare da ta gurɓata shi da tata hayaniyar ba, don duk kayan lantarki suna da wata hayaniya da zafi ke haifarwa. John Johnson da Harry Nyquist ne suka yi bayaninta a 1928, a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka. A 1944 Harald Friis, shi ma na wannan cibiya, ya fitar da lissafin da fannin ya ginu a kansa: in aka jera amfilifayoyi, hayaniyar ta farko ce ke rinjaye, domin ƙarfin da ta bayar yana danne hayaniyar na bayanta.

Zangon milimita kuwa, wato daga kusan gigahaz 30 zuwa 300, ya girmi wannan lissafi. Tun wajen 1895 Jagadish Chandra Bose yake gwaji da shi a Kalkata ta Indiya, sai dai a lokacin babu na'urar da za ta ƙarfafa sigina irin wannan.

Na'urorin farko masu tsabtar ji manya ne, ga tsada. Wadda ake kira mesa sai an sanyaya ta da ruwan heliyum. Da irinta Arno Penzias da Robert Wilson suka ji ragowar ɗumin farkon sararin samaniya, suka sanar a 1965. Sauyi na haƙiƙa ya zo ne daga Japan, inda Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu ya bayyana tiranzistar HEMT a 1980. Ita ta sa farantin tauraron ɗan'adam ya ƙanƙance har ya samu gurbi a kan rufin gidaje, kuma irinta ce ke cikin kan dish ɗin da muke kallo da shi. Bayan shekarar 2000 aka fara ƙera amfilifayar gigahaz 60 da silikon mai araha, kuma ƙa'idar sadarwa ta IEEE 802.11ad ta 2012 ta ba wannan zango kasuwa.

Buƙatar amfilifaya mai sauya zango ta taso ne da zuwan 5G. Amurka ta fara da gigahaz 28 da 39, Turai ta zaɓi 26, sannan taron rediyo na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2019 ya ware wasu rukunan. Waya ɗaya ke nan za ta ji zanguna da yawa, alhali fili ya yi kaɗan: eriyoyin a jere suke, tazararsu kusan milimita 5 a gigahaz 28, kowacce da amfilifayarta.

Injiniyoyi sun rabu gida biyu. Wasu suna yin mai faɗin ji da ke ɗaukar zangunan gaba ɗaya, amma tana kwaso har da siginar da ba a so. Wasu suna dasa ƙananan makunnai da ke sauya girman nannaɗin waya da ma'ajin caji, na'urar ta koma zangon da ake buƙata. Hanya ta biyu ta fi burgewa, sai dai kowane makunni yana cin wani abu daga sigina, kuma duk asarar da aka yi a mashiga kai-tsaye take zama hayaniya. Shi ya sa ƙwararru da yawa ke barin matakin farko da faɗinsa, su tura makunnan zuwa mataki na biyu.