Masu Gadin Costa Concordia

A daren 13 ga Janairun 2012, jirgin ruwan yawon shaƙatawa mai suna Costa Concordia ya ci karo da dutse kusa da tsibirin Giglio na ƙasar Italiya, ɗauke da mutane sama da 4,200. Mutum 32 suka rasu. Jirgin, mai tsawon mita 290, ya kishingiɗa ta gefensa na dama a kan wasu duwatsu biyu, daidai bakin gangaren da ke zurmawa zuwa teku mai zurfi.

Wannan kwanciyar ce ta hana hukumomi barci. Da jirgin ya zame, da ya tafi da masu ninƙayan da ke laluben sauran mutane a cikinsa, haɗe da baƙin mai fiye da tan 2,000, a ruwan da aka keɓe domin kare dabbobin teku. Saboda haka, kafin a yi batun janyo shi, sai da aka nemi sanin ko yana motsi, da kuma saurin motsin.

Waɗanda aka kira ba ma'aikatan jirgi ba ne kaɗai. Akwai masana ilimin ƙasa daga Jami'ar Florence, mutanen da suka saba sa ido kan zaftarewar ƙasa da duwatsu masu aman wuta. Sai suka ɗauki jirgin tamkar tsaunin da ke shirin ruftawa. Suka kafa na'urar rada a gaɓa, suka manna madubai a jikin jirgin, na'urorin safiyo na auna su dare da rana. Awon kuwa na milimita ne. Sau da dama a makonnin farko, da zarar alƙaluma sun nuna jirgin ya gusa, sai a dakatar da bincike a fito da masu ninƙaya. Jaridu sun fi shagala da kyaftin Francesco Schettino, wanda daga baya kotu ta ɗaure shekara 16, alhali ran duk wanda ya shiga cikin jirgin yana rataye ne da waɗannan alƙaluma.

An kammala kwashe man a Maris na 2012. Daga nan kamfanonin Titan Salvage da Micoperi, ƙarƙashin jagorancin Nick Sloane ɗan Afirka ta Kudu, suka auna ƙasan tekun, suka cike gurbin da ke tsakanin duwatsun da buhunan siminti, suka girka dandamalin ƙarfe inda jirgin zai zauna.

Ranar 16 ga Satumban 2013 aka fara miƙar da shi da igiyoyin ƙarfe da manyan akwatunan da ake ɗura wa ruwa. Juyin digiri 65 ya ci sa'o'i 19, injiniyoyi na bin kowane digiri a allon kwamfuta, domin ba a da tabbacin gangar jikin da ta shekara biyu saura kaɗan tana cin gishiri za ta jure. Ta jure. A Yulin 2014 aka ja jirgin zuwa Genoa, inda aka farfasa shi.