Byang Kato: Ɗan Kwoi da Ya Ja da Manyan Malaman Tauhidi na Afirka

Duk wanda ya yi karatun tauhidi a Jos ko Kagoro ko Igbaja ya ji sunan Byang Kato, amma kaɗan ne suka san abin da ya haɗa shi gardama da manyan malaman zamaninsa.

An haife shi a 1936 a ƙasar Kwoi ta kudancin Kaduna, cikin mutanen Jaba, waɗanda ke kiran kansu Ham. Gidansu gidan addinin gargajiya ne, kuma tun yana jariri aka keɓe shi domin ya gaji hidimar tsafi. Yana kimanin shekara 12 ya karɓi bishara a makarantar mishan ta SIM, abin da bai yi wa mahaifinsa daɗi ba ko kaɗan. Daga nan sai makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, sai Landan, inda ya samu digiri. A 1967 ya zama babban sakataren ikkilisiyar ECWA, ana tsakiyar tashin hankalin da ya kai ga yaƙin basasa. A 1970 ya tafi makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka, ya dawo da digirin digirgir.

To, a shekarun nan na bayan samun 'yanci, malaman Kirista na Afirka sun gaji da jin Turawan mishan suna kiran al'adun kakanninsu duhu. Bolaji Idowu na Jami'ar Ibadan ya rubuta littafi a kan Olodumare, wato Allah a imanin Yarbawa, a 1962, John Mbiti ɗan Kenya kuma ya fitar da nasa a kan addinai da falsafar Afirka a 1969. Dukansu suna nuna cewa mutanen Afirka sun san Allah tun kafin jirgin mishan ya iso.

Kato bai musa wannan ba. Jaba suna da sunan Allah Maɗaukaki, Nom, kuma ya yi nazarin addinin mutanensa tun a Dallas. Inda ya tsaya shi ne: sanin akwai Allah daban, samun ceto daban. Ya dogara da farkon wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya ce halitta tana shaida Mahalicci, amma ceto ta wurin Almasihu kaɗai yake. Abu biyu ya fi tsoro: gauraya bishara da tsafi, da koyarwar da ke cewa a ƙarshe kowa zai tsira ko da wace hanya ya bi. Wannan ne jigon littafinsa Theological Pitfalls in Africa na 1975, wato ramukan da tauhidin Afirka zai iya faɗawa.

Littafin ya sha suka. Mbiti ya ce Kato ya yi masa mummunar fahimta. Daga baya Kwame Bediako na Gana ya soki Kato a littafinsa na 1992, yana ganin ya yanke zaren da ke tsakanin Kiristan Afirka da tarihinsa, ya ɗauko tauhidin Amurka ya sa masa babbar riga. A ganina akwai gaskiya a sukar: Kato ya yi saurin yanke hukunci a wasu wurare, kuma alƙalaminsa yana da kaifi. Amma masu cewa bakin Turawa ya ara sun manta daga inda ya fito. Shi ba a ɗakin karatu ya san dodo ba, a gidan ubansa ya san shi. Kuma shi da kansa ya yi ta kira a yi wa'azi da waƙa da sujada cikin harshe da kiɗan mutane, muddin Littafi ne alƙali.

A 1973 aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, ɗan Afirka na farko a kujerar, ya koma Nairobi. A 1974 ya gabatar da jawabi a babban taron masu bishara na Lozan a Suwizalan. Kukan da yake yi ko'ina shi ne ikkilisiya tana cika da jama'a amma babu malamai masu zurfin ilimi. Ya nemi a kafa manyan makarantu biyu, ɗaya da Faransanci ɗaya da Ingilishi, da hukumar tantance makarantun tauhidi, da mujallar bincike.

Bai ga ko ɗaya ba. Ranar 19 ga Disamba 1975, jim kaɗan bayan taron Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya a Nairobi, ruwa ya ci shi a bakin teku kusa da Mombasa, yana hutu da iyalinsa. Shekararsa 39.

Hukumar tantancewar, ACTEA, ta kafu a 1976, makarantar Faransanci ta buɗe a Bangui a 1977, ta Ingilishi a Nairobi a 1983. Tokunboh Adeyemo, wanda ya hau kujerarsa daga baya, shi ya jagoranci malaman Afirka 70 suka rubuta sharhin Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya a kundi guda, wanda ya fito a 2006.