Tawali'u da Jiran Dawowar Almasihu

Tawali'u shi ne mutum ya san matsayinsa a gaban Allah: mai zunubi ne da aka cece shi ta wurin alheri. Shi ne tushen shiri domin zuwan Almasihu na biyu, gama mai girman kai ba ya ganin bukatar tuba. Misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji ya nuna haka (Luka 18:9-14).

Muna da misali a ƙasarmu. Isawa, almajiran Malam Ibrahim na Kano, sun daɗe suna jiran dawowar Isa. A 1913 waɗansunsu suka je Zariya wurin Dokta Miller. Ko da yake masu karatu ne, suka zauna aka koya musu Bishara.

Ba a ba mu sanin ranar ba (Markus 13:32). Manomi a Doguwa ko Tudun Wada yakan yi sharar gona tun ruwan farko bai sauka ba. Tamu sharar ita ce tuba, addu'a, biyan bashi, da neman sulhu da ɗan'uwan da muka saɓa da shi, ko da mun girme shi.