Siyasar Talakawa a Ƙasar Kano da Jigawa

Siyasar talakawa ita ce gwagwarmayar da aka yi a Arewacin Nijeriya, musamman a tsohuwar ƙasar Kano, don ƙwato wa manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu haƙƙinsu daga hannun En'e, wato hukumar sarakuna, da Turawan da suka ɗaure mata gindi. Jam'iyyu biyu ne suka riƙe tutarta: NEPU daga 1950 zuwa 1966, sai PRP daga 1978 zuwa 1983. Kusan duk tsawon wannan lokaci, Dutse da Birnin Kudu, har da yankin da yau ake kira ƙaramar hukumar Buji, gundumomi ne a ƙarƙashin Sarkin Kano. Don haka tarihinsu a wannan fanni a haɗe yake da na birnin Dabo.

Mafarin al'amarin yana can Turai. Juyin masana'antu da ya soma a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18 ya cika birane da leburori, su kuwa suna buƙatar sutura da sabulu da bota mai araha. Masaƙun Lankasha ba sa ƙoshi da auduga, shi ya sa masu su suka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta a 1902 don neman ƙasashen da za a noma musu ita. A Fabrairun 1903 sojojin Lugga suka ci Kano. Reluwe ya iso a 1911, aka buɗe shi ga fatauci a 1912, Turawa kuwa sun sa ran taragunsa za su koma bakin teku maƙil da auduga.

Manomin Kano ya yi nasa lissafin dabam. Audugarsa tana da masu saye a gida, domin masaƙa da marina suna biya fiye da abin da Bature yake tayawa. Gyaɗa kuwa tana son ƙasa mai rairayi, tana zama gona ɗaya da gero, in kasuwa ta faɗi a matse mai a toya ƙuli-ƙuli, harawar kuma a ba dabbobi. Da attajiran goro irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye wa kamfanonin Turawa ita, sai gyaɗa ta zama sarauniyar kaya. Kamfanin sabulu na Lever Brothers ya sayi Kamfanin Neja a 1920, daga cikinsa UAC ta fito a 1929. A 1930 aka kai layin dogo Nguru, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Dutse da Birnin Kudu ba su kan layin, amma jaki da raƙumi, daga baya kuma manyan motoci ta hanyar Wudil, sun haɗa gonakinsu da sikelin kamfani.

Abin lura shi ne injin bai zo ba, yunwarsa ce ta zo. Ana matse man a Ingila da Holan, a nan kuwa aka bar mana noma da ɓara da dako. Abin da ya ɗaure manomi a wannan igiya shi ne haraji. Da Turawa suka kashe wuri suka ce sai da sule da sisi za a biya, dole kowane magidanci ya noma abin da kanti zai saya. Da kaka ta yi, mai unguwa zai ƙidaya baligai gida-gida, dagaci ya tara kuɗin, malamin hakimi ya yanka rasit, a kai baitulmali a Kano. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu da damina ya biya jangali. Wanda ya kasa, a kama akuyarsa ko a fasa rumbunsa, wani a shanya shi a rana a ƙofar dagaci har danginsa su haɗo kuɗin. Ban da wannan akwai noman gandun hakimi, da gyaran hanya ba lada in Di'o zai zo rangadi, da gaisuwar da ba a zuwa da hannu biyu. Idan mutum ya ce zai kai ƙara, ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari ma na En'e ne. Daga 1949 kuma hukumar cinikin gyaɗa ta ƙayyade farashi ƙasa da na kasuwar duniya, ta riƙa ajiye rarar. Dalar gyaɗa da ake alfahari da hotonta, a kan wannan aka gina ta.

Ra'ayin da ya ba wannan ƙunci suna ya fito ne ta ƙofa biyu. Ta farko ta Turai ce. Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, ya koyar a Bauci inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, malamin da ya haɗa ilimin Arabiyya da kaifin harshe. A 1946 ya tafi Landan karatun koyarwa, ya tarar da jam'iyyar Leba ta Attlee tana mulki, tana mayar da ma'adinan kwal da reluwe hannun gwamnati, ya kuma yi cuɗanya da 'yan gurguzun Ingila. Ya dawo da tabbacin cewa tsarin sarauta ma abin taɓawa ne.

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Maitama Sule, suka kafa NEPU a Kano, wadda aka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu yana koyarwa a Maru a lokacin, ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar, ya zama shugabanta a 1953. Sanarwar Sawaba da suka fitar ta ce al'ummar Arewa ta rabu gida biyu masu karo da juna, masu riƙe da En'e da kuma talakawa, kuma talaka ne kaɗai zai 'yantar da kansa, ta hanyar ƙuri'a. Duk wanda ya ajiye takardar kusa da sanarwar manufofin Jam'iyyar Gurguzu ta Birtaniya ta 1904 zai ga an bi ta kusan sashe-sashe, sai dai inda waccan ta ambaci ma'aikata da masu jari, wannan ta sa talakawa da masu sarauta. Canjin ya zama dole, domin Kano ba ta da rundunar ma'aikatan masana'anta irin ta Mancesta. Mayaƙan NEPU teloli ne da mahauta da 'yan koli da 'yan kamasho da malaman allo.

Ƙofa ta biyu ta gida ce, kuma a ganina ita ta fi aiki. Ba da sunan Markis, uban aƙidar gurguzu, ake tara jama'a a kasuwar ƙauye ba. Da aya da hadisi ake tara su, da kuma tunatar da su cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Wato NEPU ta tuhumi jikokin masu jihadi da hujjar kakanninsu, abin da ya fi kowace aƙidar Turai yi wa fada ciwo.

Martanin ya yi tsanani. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, En'e kuma tana da ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe, sai aka tace su tas. NPC, mai alamar fartanya da kirarin Salama, ta zama jam'iyyar gwamnati da sarakuna. A birni aka saki 'yan banga da ake kira 'Yan Mahaukata. A karkara abin ya fi muni, domin can babu ɗan jarida: lacca ba izini laifi ce, ambaton hakimi ba ladabi laifi ne, hukuncin kuwa bulala ko wata uku ko shida a kurkuku, wani lokaci a ninka wa mutum haraji ko a ƙwace gonarsa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba saboda tara mata, alhali matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai 1976. A zaɓen tarayya na 1959 NEPU ta tashi da kujeru 8, NPC tana da 134. Soja suka rushe jam'iyyu duka a 1966.

Abin mamaki, sojan ne suka cika wani ɓangare na burinta. Zuwa 1970 an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya binne En'e. A shekarun nan ne gyaɗar ma ta durƙushe, bayan farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta cinye gonaki a 1975, ga kuma kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma.

Saura haraji. PRP ta Malam Aminu, mai alamar mabuɗi, ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, Muhammadu Abubakar Rimi da Balarabe Musa kuma suka soke haraji da jangali da hawansu mulki. A wannan zaɓe ne Birnin Kudu ta tura Sule Lamido na Bamaina majalisar wakilai. Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, ya mai da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, a 1981 kuma ya ɗaga Dutse da Gaya da Rano da Ƙaraye da Auyo zuwa masarautu masu cin gashin kansu. Sai dai jam'iyyar ta riga ta dare biyu, 'yan Santsi na gwamnoni da 'yan Taɓo na Malam Aminu. Takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero ta jawo tarzomar 10 ga Yuli 1981, wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, a cikinta. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Sabo Bakin Zuwo ya ci gwamna, ya soke sababbin masarautun, kafin soja su kifar da kowa a ƙarshen Disamba.

Dutse ta dawo da sarautarta bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Buji kuma ta zama ƙaramar hukuma a 1996 da hedikwata a Gantsa. Da Sule Lamido ya zama gwamna a 2007 ya farfaɗo da tsohon yaren: ya sa wa nakasassu alawus na naira 7,000 a wata, ya kira taron talakawa a Dutse a 2008, babban dandalin birnin kuma yana ɗauke da sunan Malam Aminu. Siyasar talakawa ta ci nasara a kan bulala da haraji da kurkukun En'e. A kan farashi ba ta ci ba: riɗi da zoɓon da ake nomawa a Jigawa yau, galibinsu a buhu suke barin ƙasar kamar gyaɗar 1912, kuma mai saye ne yake yanka kuɗin.