Daga Ƙofar Majami'a zuwa Ofishin Magajin Gari: Biranen Mafaka a Amurka

Mun saba da labarin biranen mafaka a Littafin Ƙidaya sura 35 da Joshuwa sura 20. Shida ne: Kedesh, Shekem, Hebron, Bezer, Ramot da Golan. Wanda ya kashe mutum ba da gangan ba yakan gudu can, mai ramuwar jini kuwa ba shi da ikon taɓa shi kafin taron jama'a su yi masa shari'a. Ashe mafaka ba ta soke shari'a, tana tsare ran mutum ne har a saurare shi. Da wannan ma'auni za mu auna abin da ake kira biranen mafaka a Amurka.

A farkon shekarun 1980 yaƙin basasa ya koro dubban mutane daga El Salbado da Gwatamala zuwa Amurka. Ƙasar ta kafa dokar 'yan gudun hijira a 1980, amma gwamnatin Ronald Reagan ta ɗauki waɗannan baƙi 'yan ci-rani ne kawai. A 1984, cikin kowane ɗari da suka nemi mafaka daga ƙasashen biyu, waɗanda aka karɓa ba su kai uku ba. Saura kuwa suna fuskantar a mayar da su inda suka tsero.

Ran 24 ga Maris 1982, shekara biyu cif da kisan Akbishop Oscar Romero na El Salbado, ikkilisiyar Southside Presbyterian a Tucson ta jihar Arizona ta shelanta cewa majami'arta mafaka ce. Fastonta, John Fife, bai yi abin a ɓoye ba, wasiƙa ya aika wa Antoni Janar na ƙasa. Cikin 'yan shekaru ikkilisiyoyi da majami'un Yahudawa fiye da 500 suka bi sahu. Gwamnati ta tura 'yan leƙen asiri da na'urar ɗaukar murya cikin tarurrukan addu'a. A 1985 aka tuhumi mutum 16, a 1986 aka sami 8 da laifi, har da Fife, ko da yake ba a ɗaure ko ɗaya ba. Su ma ikkilisiyoyi sun kai gwamnati ƙara, kuma a 1991 ta yarda a sake sauraron 'yan ƙasashen biyu. Abin da ake nema ke nan tun farko.

Daga nan sunan ya koma hannun hukumomin birane. Tun 1979 'yan sandan Los Angeles suka daina tsare mutum don kawai bincikar takardunsa, domin wanda ke tsoron kora ba ya kai ƙara, ba ya ba da shaida. A 1985 magajin garin Chicago, Harold Washington, ya hana ma'aikatan birni tambayar takardun zama. San Francisco da New York suka yi nasu a 1989. A 2007 birnin New Haven ya fara ba kowane mazauni katin shaida, don baƙi su iya buɗe asusun banki su daina yawo da kuɗi, 'yan fashi na bin su.

Sai dai mu lura, birni ba ya ɓoye kowa. Jami'an shige da fice na tarayya suna iya shiga su yi kamu. Birni yana janye hannunsa ne kawai: ba ya ba da ma'aikatansa ko kuɗinsa ga aikin korar baƙi. Yana dogara ga hukuncin Kotun Ƙoli na 1997, cewa tarayya ba za ta tilasta wa jami'an jihohi aiwatar da shirinta ba.

Masu adawa ma suna da tasu hujja. A 2015 harsashin bindigar da ke hannun wani da aka kora daga ƙasar sau biyar ya kashe wata mata a San Francisco, bayan hukumar birnin ta sake shi ba tare da miƙa shi ga tarayya ba. A 2017 jihar Texas ta haramta wannan tsari, California kuwa ta mai da shi dokar jiha. A Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta soke umarnin da ke taƙaita kamu a majami'u da makarantu da asibitoci.

Wannan tarihi yana sa mu riƙe Romawa 13 da Ayyukan Manzanni 5:29 tare. Ikkilisiyar Tucson ta yi aikinta a fili, ta tsaya gaban alƙali, ta karɓi hukunci, tana kiran gwamnati ta bi dokar da ita kanta ta kafa. Mafakar magajin gari tana da amfani, amma zaɓe yana kawo ta, zaɓe yana ɗauke ta. Umarnin ƙaunar baƙo a Littafin Firistoci 19:33-34 bai rataya a kan zaɓe ba. Ranar da mai gudu ya ƙwanƙwasa ƙofarmu, tambayar da ke kanmu ita ce: me za mu yi don ya rayu har a saurare shi, kuma mun shirya amsa abin da muka yi a gaban hukuma?