Tsohon Ambaji da ya ce shekara 70 bai ci ba, bai sha ba

Ranar 22 ga Afrilu, 2010, aka shigar da wani tsoho ɗaki a asibitin Sterling da ke Ahmedabad, jihar Gujarat ta Indiya. Ba ciwo ya kawo shi ba. Yana sanye da jan zane irin na mata, da awarwaro, da zobe a hanci. Sunansa Prahlad Jani, amma mabiyansa Mataji suke ce masa, wato uwa mai daraja. Abin da ya tara likitoci da masana sama da 30 a kansa shi ne iƙirarin da ya daɗe yana yi cewa tun 1940 loma ba ta shiga bakinsa ba, kuma bai kurɓi ruwa ba.

An haife shi a 1929 a ƙauyen Charada. A labarin da yake bayarwa, ya bar gida yana ɗan shekara 7 ya shiga daji, bayan 'yan shekaru Amba, wadda Hindu ke bauta wa a yankin, ta bayyana gare shi ta ɗauke masa yunwa da ƙishirwa. Ya ce wani ruwan rai da suke kira amrit ke ɗigo masa ta wata kafa a ganɗarsa. Daga baya ya tare a wani kogo kusa da ɗakin ibadar Ambaji, mutane na yin tattaki don neman albarkarsa.

Ga ɗan Hindu, wannan labari ba baƙo ba ne. Suna da kalmar tapas, wadda asalin ma'anarta zafi ce: zafin da mai ibada ke tarawa a cikinsa in ya hana ransa abin da yake so. Talaka yana yin nasa daidai ƙarfinsa, kamar azumin Ekadashi da ke zuwa sau biyu a wata, inda ake ƙaurace wa hatsi. Masu gudun duniya, wato sadhu, su kan kai abin maƙura. Akwai Amar Bharati, wanda ya ɗaga hannun dama sama tun 1973 bai sauke ba har hannun ya ƙandare. Wannan ido na gani, ba gardama. Na Jani kuwa sai an tsare shi dare da rana kafin a gaskata.

Sau biyu aka tsare shi. A 2003 ya yi kwana 10 a wannan asibitin ƙarƙashin kulawar Dakta Sudhir Shah, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A 2010 kuma wata cibiyar binciken lafiya ta ma'aikatar tsaron Indiya, DIPAS, ta shigo ciki, da fatan ko za a samo dabarar da za ta amfani sojoji da 'yan sama jannati. Aka sa masa kyamarori, ana auna jininsa da gaɓoɓinsa, har 6 ga Mayu. Likitocin suka fito suka ce kwana 15 bai ci ba, bai sha ba, bai zaga bayi ba, kuma lafiyarsa ƙalau. Har suka ce na'ura ta nuna fitsari yana taruwa a mafitsararsa sannan ya ragu ba tare da ya fita ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Yunwa ana jure mata fiye da yadda ake zato. Mahatma Gandhi ya yi azumin kwana 21 har sau uku, a 1924 da 1933 da 1943. Wani ɗan Sikotlan, Angus Barbieri, ya yi kwana 382 ba abinci daga 1965 zuwa 1966, likitoci na lura da shi. Amma dukansu biyun suna shan ruwa. Ƙishirwa ce ba a yi mata taurin kai. Ko mutum bai motsa ba, numfashi da fata kaɗai suna fitar da fiye da rabin lita na ruwa kullum, ƙoda kuma ba ta wanke jini sai da ruwa. Duk wanda ya taɓa kai azumi a zafin bazara ya san yadda maƙogwaro ke zama kafin la'asar, kuma wuni ɗaya ke nan.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: ta ina ruwa zai iya shiga? Sanal Edamaruku, wanda a lokacin yake jagorantar wata ƙungiyar Indiya mai bin diddigin masu iƙirarin abin al'ajabi, ya nuna ƙofofin. An bar Jani yana kurkure baki, yana wanka. An bar shi yana fita shan hantsi, yana ganawa da mabiya, wani lokacin ma kyamara ba ta kansa. Edamaruku ya nemi a bar shi ya shiga ya duba tsarin gwajin, ba a yarda ba. Likitocin sun ce suna auna ruwan kurkurar kafin da bayan ya tofar, amma wa zai auna ruwan wanka? Gwaji biyun kuma a asibiti ɗaya aka yi su, da hannun likita ɗaya, sannan ba a buga cikakken sakamakon a mujallar kimiyya da sauran masana ke tantancewa ba. Ko da an toshe duk waɗannan kafofi, kwana 15 ba ya zama shaidar shekara 70.

A ganina, tsohon ya horar da jikinsa ya saba da ɗan abin da yawancinmu ba za mu iya rayuwa a kansa ba, kuma wannan kaɗai abin jinjina ne. Sauran labarin ba a tabbatar da shi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, littafin Hindu da kansa bai nemi haka daga mai ibada ba. Bhagavad Gita, a babi na 6, ya nuna cewa tafarkin yoga ba na mai haɗama ba ne, ba kuma na wanda ya daina ci ɗungurungum ba. A babi na 17 ya kasa tapas gida uku: na jiki, kamar tsafta da kame kai da barin cutar da wani, na harshe, wato gaskiya da maganar da ba ta ƙona zuciya, da na zuci, wato natsuwa. A babin nan ne kuma ya soki masu azabtar da jiki don a gani a yaba.

Jani ya mutu ranar 26 ga Mayu, 2020, a ƙauyensu Charada, yana da shekara 90. Ba a ƙona gawarsa kamar ta sauran Hindu ba. An binne shi a mazauninsa kusa da Ambaji, yadda ake yi wa masu gudun duniya.